Ƙaura: ire-irenta da dalilanta

Ƙaura ita ce tashin mutum, ko iyali, ko al'umma guda daga mazauninsu zuwa wani wuri da niyyar zama, ko na ɗan lokaci ko na dindindin. Ziyara ba ta cikin wannan lissafi, haka ma ma'aikacin da ke fitowa daga Mararaba da asuba zuwa cikin Abuja ya koma gida da dare. Masana kan dubi abu uku wajen rarraba ta: ko mutum ya tsallaka iyakar ƙasa, tsawon zaman da zai yi, da kuma ko da son ransa ya tashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a ƙasar da ba a cikinta aka haife su ba. Masu ƙaura a cikin ƙasashensu sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Dalilai

Tun nazarin da Ernst Ravenstein ya wallafa a Ingila a 1885 ake ganin neman abinci shi ne kan gaba. Daga baya aka saba kasa dalilan kashi biyu: abin da ke korar mutum daga gida, kamar fari, yaƙi, ƙarancin gona da zalunci, da abin da ke janyo shi wani wuri, kamar aiki, kasuwa, karatu da zaman lafiya. Aure ma babban dalili ne, musamman ga mata, ko da yake ba a cika kawo shi a lissafi ba. Raba ƙaurar son rai da ta tilas ya fi sauƙi a takarda. Wanda fari ya cinye wa gero ba bindiga aka sa masa ba, amma da wuya a ce da son ransa ya bar gida.

Ci-rani

Wannan ce ƙaurar da Bahaushe ya fi sani. In an gama girbi, an ɗaure damma an zuba a rumbu, sai samari da magidanta su fita, don su samo kuɗi kuma a rage bakin da ke cin hatsin gida. A Abuja su ne 'yan ga-ruwa, masu yankan farce, masu shayi, 'yan gadi da leburorin gini. Da yawa ba su kama ɗaki. A shago ko kangon gini ake kwana, a tara abin da aka samu a aika gida. Ruwan farko na sauka tashoshin Zuba da Nyanya kan cika da masu komawa noma. Fulani makiyaya ma suna da nasu zagayen, su gangara kudu da rani neman ruwa da ciyawa, su dawo da damina. Farin shekarun 1970 ya sa wasu daga cikin masu irin wannan tafiya ba su sake komawa ba.

Fatauci da hijirar addini

Fataken goro sun shafe ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja, kuma daga masaukansu ne zangunan Hausawa na Salaga da Kumasi suka tsiro. A gabas kuwa, maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa kan yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago, wasu su zauna a Sudan har abada.

Hijira saboda addini tana da tushe a tashin Annabi (SAW) daga Makka zuwa Madina a 622. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi daga Degel zuwa Gudu a 1804. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a Burmi a wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran mutane Sudan, inda har yau akwai gari mai sunansa kusa da Sennar.

Kuza da kafuwar Jos

Jos misali ce ta garin da ƙaurar neman aiki ta gina. Kamfanonin Turawa sun fara haƙar kuza a tsaunukan Filato a farkon ƙarni na 20, wajejen 1904 zuwa 1905, a ƙasar da Berom da Anaguta da Afizere ke zaune. Aikin na hannu ne: diga, shebur, da kwanon ɗaukar ƙasa a ka zuwa wurin wanki. Leburori suka riƙa kwararowa daga Kano, Zariya, Bauchi, Barno da ƙasar Nijar, akawuna da masu sana'ar hannu kuma daga kudu. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos wajen 1914, wanda ya taso daga kudu maso gabas kuma a 1927. Da yawa 'yan ci-rani ne da suka zo da niyyar samun kuɗin haraji su juya. Bayan su sai mahauta, 'yan koli, masu tuwo-tuwo da malamai suka biyo, barikoki suka zama garuruwa, irin su Bukuru da Barikin Ladi.

Ba kowa ne ya zo da ƙafarsa ba. Da Japan ta ƙwace Malaya, wadda ke cikin Malesiya ta yanzu, a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta rasa babbar madogararta ta kuza, sai daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai ana kawo su aikin tilas. Sanyin Filato, ƙarancin abinci da cuta sun kashe mutane da dama, wasu kuma suka gudu cikin dare. Kasuwar kuza ta faɗi warwas a 1985, aka bar kududdufai, amma jikokin leburorin suna nan.

Batun wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo a Jos abu ne da ake jayayya a kansa. Rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 sun haifar da wata ƙaura a cikin garin kansa, inda mutane suka sayar da gidaje ko suka yi musanya, kowa ya koma unguwar da masu addininsa suka fi yawa.

Ƙaurar tilas

Ɗaya daga cikin mafiya girma a tarihi ita ce cinikin bayi ta Tekun Atilantika, inda aka kwashe kimanin mutum miliyan 12 daga Afirka. Har da Hausawa a cikinsu, waɗanda aka kai Bahia ta Burazil. A dokar duniya, ɗan gudun hijira shi ne wanda ya gudu saboda tsoron tsangwama ya tsallaka iyakar ƙasarsa, kamar yadda yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta tanada. Wanda ya gudu amma yana cikin ƙasarsa, kamar mutanen Gwoza da rikicin Boko Haram ya kawo sansanonin Durumi da Kuchingoro a Abuja tun wajen 2014, yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta shafe shi.

Ayyukan gwamnati ma suna tayar da mutane. Dokar da gwamnatin Murtala Muhammed ta kafa Abuja da ita a Fabrairun 1976 ta sa aka tashi wasu ƙauyukan Gbagyi da maƙwabtansu. Mutanen Wuse, alal misali, an kai su Sabon Wuse a jihar Neja. Da fadar gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, ma'aikata suka biyo ta, tsadar haya da rusau kuma suka tura talakawa Kubwa, Karu da Masaka. Maganar diyyar 'yan asalin yankin ba ta mutu ba har yanzu.

Tsallaka iyaka

Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga juna ba biza har kwana 90. Hakan bai hana kora ba: Najeriya ta kori baƙi marasa takardu a 1983, kamar yadda Gana ta yi a 1969. A yau cikin hanyoyin da ake bi daga Najeriya akwai ta Agadas zuwa Libiya, da jirgi zuwa Saudiyya aikatau, sai likitoci da malaman jinya masu tafiya Ingila da Amurka.