Algus: kalmar da ake jifan kazar gidan gona da ita

Kwanan nan duk tashar da ka murɗo sai ka ji algus. Algus a taki, algus a fetur, algus a sakamakon zaɓe. Har na ji wani yana kiran abokin hamayyarsa ɗan algus, wai don ya sauya sheƙa. Duk wannan bai dame ni ba kamar wani shirin girke-girke da mai gabatarwa ya yanke hukuncin cewa kajin gidan gona gaba ɗaya algus ne. Hujjarsa? Suna fitar da ruwa a tukunya, kazar Hausa kuwa ba ta yi.

Kalmar daga Larabci muka aro ta, al-gishsh, muka haɗiye ta da "al" ɗinta yadda muka yi wa albasa da alƙalami. Wanda ya zauna gaban malami a cikin birnin Zazzau ya san hadisin da take ciki, wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci da aka kasa, ya tura hannu ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya same shi. Sai aka tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan aka ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu.

A lura da kyau, mutumin nan bai ɗebo ruwa ya zuba ba. Sama ce ta zubo. Abin da ya ja masa faɗa shi ne ya binne jiƙaƙƙen a ƙasa, ya shimfiɗa busasshen a ido. Nan ne algus ya rabu da jabu, wanda tun asali ba shi ba ne, ya kuma rabu da gurɓatacce, wanda lalacewa ya yi. Kayan algus na gaske ne, aibinsa aka ɓoye maka har ka biya kuɗi.

To mu koma tukunya. Ɗanyen naman kaza, kowace iri, wajen kashi 70 cikin ɗari ruwa ne, haka Allah ya yi shi. Buloila, kazar gidan gona da ake kiwo don nama, a mako 6 zuwa 8 ta isa yanka, namanta ɗanye shakaf, ba ta taɓa gudun shaho ba. Kazar Hausa kuwa sai ta yi wata 5 ko 6 tana tono a bola kafin a kalle ta da wuƙa, dole tsokarta ta yi tauri. In kuma aka daskarar da nama, ƙanƙara tana farfasa tsokar daga ciki, da ya narke sai ya riƙa tsiyaya. Ga wutar lantarkinmu, yau ya daskare, gobe ya saki, jibi ya sake daskarewa. Wannan kazar ba ta da daɗi, na yarda, amma ba wanda ya cuce ka da gangan. Kuma da hukuncin mai gabatarwar nan, har kazar ShikaBrown, 'yar gida da masanan NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi, suka samar a nan Shika, ta zama algus ke nan.

Akwai dai ruwan da hannun mutum ke sawa. A manyan mayanka ana tsoma kajin da aka fige cikin ruwan sanyi, su kuma su sha. Shi ya sa Tarayyar Turai ta sa iyaka: daskararriyar kazar da aka sanyaya ta hanyar tsomawa, ruwan da za ta tsiyayar in ta narke kada ya wuce kashi 5.1, wadda aka sanyaya da iska kuwa kashi 1.5. A Amurka abin ya wuce nan. Injin mai jerin allurai ne ke caka wa nama ruwan gishiri, wani lokaci har kashi 15 na nauyinsa, wai don ya yi laushi. Naman alade ma haka suke yi masa, har akwai wanda ake rubuta "an ƙara ruwa" a jikin ledarsa. Doka ta tilasta musu rubutawa. A ma'aunin hadisin, sun ɗora jiƙaƙƙen a sama ke nan, ko da yake ni ban ga bambanci sosai tsakanin binnewa da rubutun da sai ka sa tabarau ba.

Mu nan ko rubutun babu. Tun 2003 gwamnati ta hana shigo da daskararrun kaji, amma wasu kwalayen ta bayan fage suke biyowa daga Kwatano. Ran nan na sayo wata daskararriyar kaza mai kilo biyu a wani shago a Sabon Gari, tana ƙyalli kamar gilashi. Uwargida ta ajiye ta a roba, kafin la'asar ta kira ni: "Malam, zo ka ga cefanenka." Ruwa ya kusa rufe cinyoyin, ga wani dunƙulen ƙanƙara kamar ƙwan agwagwa yana faɗowa daga cikin kazar. Wannan ba tsoka ce ta haife shi ba, kuma an ɗora shi a sikeli an caje ni kuɗin nama.

Kada masu kazar Hausa su yi murna. Na ga wadda aka ɗura wa jiƙaƙƙiyar dusa da safiyar ranar kasuwa har wuyanta ya yi tantsan, don in ka ɗaga ka ji nauyi. Ragon layyar da aka bai wa kanwa ya kwankwaɗi ruwa cikinsa ya fito, shi ma a gida aka kiwata shi.

Da na koma shagon na ce a bar kazar ta narke kafin a auna, yaron ya ce: "Baba, ai mu ma da ƙanƙarar aka auna mana."