Waiwaye: Manjo Janar Mamman Kontagora, injiniyan da ake tura wa aiki idan ya cije

Yaran da ke karɓar digiri a dandalin Mamman Kontagora da ke ABU Samaru, da yawansu ba su ma san mai sunan soja ba ne, balle su san injiniya ne. To ga yadda abin ya faro.

An haife shi a 1944, yana cikin rukunin farko da aka ɗauka a makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA Kaduna lokacin da aka buɗe ta a 1964, tare da su Aliyu Gusau da Oladipo Diya da Joshua Dogonyaro. Shi sai ya bi layin injiniyoyin soja, waɗanda aikinsu shi ne kafa gada a inda babu, gyara hanya don motocin yaƙi su wuce, tono nakiyar da aka binne, gina bariki. Aiki ne da ba a cika yi wa kirari ba amma in babu su runduna ba ta motsi. Makarantarsu tana Makurɗi har gobe.

Ɗauko injiniyan soja a ba shi ma'aikatar ayyuka ba a kansa aka fara ba fa, Obasanjo ma daga wannan sashen ya fito kuma Gowon ya ba shi kwamishinan ayyuka da gidaje a farkon 1975. Amma Kontagora ya daɗe a kujerar, daga 1987 har 1993 zamanin Babangida, kuma shekarun nan ba na wasa ba ne. A 1990 aka buɗe gadar nan ta uku ta Legas mai kusan kilomita 12, wadda ta yi shekaru a yashe bayan an gama kashin farko zamanin Shagari, a zamanin Kontagora ne kuma aka yi tagwayen hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, ga hidimar tashin gwamnati daga Legas zuwa Abuja a Disambar 1991, duk yana minista. Ni a ganina nan ne ainihin aikinsa yake, kuma nan ne aka fi mantawa da shi.

Abin da aka fi tuna shi da shi ABU ce. A 1995 rikici ya dabaibaye jami'ar zamanin Farfesa Daniel Saror, rigimar shugabanci ta koma ta ƙabila da addini, Abacha ya ɗauko Kontagora ya naɗa shi kantoma, wato shi kaɗai ke da wuƙa da nama. Wasu tsofaffin ɗalibai za su ce maka ya dawo da doka da oda, karatu ya ci gaba, wasu malamai kuma har yau ba su huce ba saboda sallamar ma'aikata da aka yi a lokacin, ga shi a 1996 gwamnatin ta haramta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU gaba ɗaya, to wa zai ɗaga murya? Gaskiya ina ganin ƙoƙarinsa, amma ɗora soja a kan jami'a bai kwanta min ba ko kaɗan, domin jami'a da muhawara take rayuwa, bariki kuwa umarni ne kawai.

A 1998 Abdulsalami ya mai da shi ministan Abuja, ya riƙe har aka miƙa mulki a Mayun 1999. Ko a mulkin farar hula ba a bar shi ya huta ba, da aka yi rigimar cire tallafin mai a 2012 Jonathan ya sa shi mataimakin Christopher Kolade a kwamitin SURE-P mai kula da kuɗin rarar tallafin. Yana kan wannan aikin Allah ya yi masa rasuwa ranar 29 ga Mayu 2013 yana da shekara 69. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa.