Nanoselulos da ɗorewar magani

Nanoselulos shi ne selulos, sinadarin da ya gina jikin tsirrai, bayan an tsattsage shi ya koma siraran zare ko ƙwayoyi masu kaurin ƴan nanomita kaɗan. Sai an tara nanomita miliyan ɗaya kafin a sami milimita guda. Bafaranshen nan Anselme Payen ne ya fara ware selulos a 1838, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na auduga shi ne. Ana samun nanoselulos daga itace da auduga, wasu bakteriya ma suna saƙa nasu.

Masu harhaɗa magunguna sun sa masa ido ne saboda yana riƙe magani a jikinsa ya riƙa sakinsa sannu a hankali, ga shi cikin ɗan Adam ba ya narkar da shi. Wanda aka yi amfani da asid na salfa wajen fitar da shi yana ɗauke da cajin lantarki a bayansa, shi ya sa magunguna irin su tetrasaikilin, na kashe bakteriya, da doksorubisin, na ciwon daji, suke manne masa.

Sai dai inda amfaninsa yake, nan matsalar take. Selulos mayen ruwa ne, kuma duk yadda aka ƙara niƙa shi, haka wurin da laima za ta kama yake ƙaruwa. Wasu magunguna kuwa ba sa ga maciji da ruwa. Asfirin ne misali na kusa: in ya sha laima sai ya rabe gida biyu, ɗaya daga ciki asid ɗin binegar ne. Warin tsamin da ke tashi in an buɗe tsohuwar kwalbarsa ke nan. Shi ma cajin salfan yana rage wa selulos juriyar zafi.

Don haka ake gwaji kafin a sa ranar lalacewa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwajin gaggawa ita ce a ajiye magani wata 6 a zafin digiri 40 da laima kashi 75. A Turai wannan azabtarwa ce da gangan. A Yamai kuwa, digiri 40 abin yau da kullum ne a Afrilu da Mayu, laimar kuma tana biyowa da damina. Balle maganin da ke yini a faifan mai talla cikin rana.

Yawancin wannan aiki yana ɗakin bincike har yanzu. Wanda ya riga ya shiga farmasi tun shekarun 1960 shi ne yayansa mai ɗan kauri, Avicel, farin garin da ke haɗe jikin ƙwayoyin magani da yawa.