Waiwaye: Kifin maski, daga harbi da bindiga zuwa saki

In ka gaya wa masuncin Yawuri ko na Baga cewa akwai ƙasar da mutum zai sayi kwale-kwale mai inji, ya yi kwana uku yana jefa fatsa, ya kamo kifi mai tsawon yaro ɗan shekara tara, sannan ya mayar da shi ruwa da hannunsa, tambayar farko da zai yi maka ita ce ko mutumin lafiyarsa ƙalau. Amma haka abin yake yau a arewacin Amurka da kudancin Kanada game da kifin da suke kira maski. A cikin kowane ɗari da aka kama, fiye da 90 ana sakin su. Abin da ya ja hankalina a tarihin nan shi ne tambayar da ta biyo bayan sakin, wadda aka shafe shekara fiye da 40 ana kai-komo a kanta: kifin da aka saki, ya rayu kuwa?

Cikakken sunansa muskellunge, kalmar da ta samo asali daga harshen Ojibwe, mutanen da suka riga Turawa zama a yankin manyan tafkuna. Dogon kifi ne siriri, mai faffaɗan baki cike da haƙora masu kaifi, kuma farautar sauran kifaye yake yi. Gidansa tafkuna da kogunan jihohin Wiskonsin, Minesota da Mishigan, da lardin Ontariyo, da kogin St. Lawrence, har zuwa rassan kogin Ohayo. Ba shi da yawa. A tafki mai albarka ma sai ka haɗa eka biyu ko uku kafin a lissafa babba guda. Yana kuma jinkirin girma. Matan su ne ke yin ƙato, kuma kafin mace ta kai inci 50 ta ci shekara 15 ko fiye, wasu ma suna kusantar 30 a duniya. Masu fatsa suna yi masa kirari da kifin jifa dubu goma, don sai hannu ya gaji kafin ya taɓa ƙugiya. Wannan ƙarancin da jinkirin girman su ne tushen duk maganar. Kifin da ya ɗauki shekara 15 yana girma, in ya tafi ba a maye gurbinsa a damina ɗaya.

A farkon ƙarni na 20 ba wanda ya damu da wannan lissafi. Duk wanda ya kama maski kashe shi yake yi, a rataye shi a bakin ruwa a ɗauki hoto, a cusa fatarsa a kafa a bangon shago ko gidan saukar baƙi. Saboda haƙoransa da ƙarfin bugunsa, mutane da yawa ba sa yarda su shigar da shi jirgi da rai. Ana jawo shi kusa sai a ɗirka masa ƙaramar bindiga a ka, ko a sauke masa kulki. Doka ta yarda da harbin a Wiskonsin har tsakiyar shekarun 1960.

Shekarar 1949 ita ce ƙololuwar wancan zamani. A watan Yuli wani mai fatsa, Cal Johnson, ya fito da maski mai nauyin laba 67 da oza 8 daga tafkin Lac Courte Oreilles, kusa da garin Hayward. A watan Oktoba Louis Spray ya kawo nasa daga tafkin Chippewa Flowage, laba 69 da oza 11, wato sama da kilo 31. Har gobe ana jayayya a kan gaskiyar waɗannan awo, kuma a 1992 an soke wani tarihin maski mafi nauyi da Art Lawton ya kafa a 1957 bayan an sake nazarin hotunansa. A 1955 Wiskonsin ta ayyana maski a matsayin kifin jiha. A wannan shekarar kuma, cikin zafin Yuli, maski suka yi ta cizon ƙugiya a tafkin Leech na Minesota kamar an yi musu asiri, aka kwashe fiye da ɗari cikin makonni biyu, aka jera gawarwakinsu a kan katako ana hoto. Daga baya a garin Hayward aka gina gunkin maski mai tsawon ƙafa 143 wanda mutane ke hawa su leƙo ta bakinsa. Darajar kifin a lokacin tana kan sikeli, kuma ba a ɗora kifi a sikeli sai ya mutu.

Sauyin daga masu fatsar da kansu ya fito, kuma wannan ya burge ni. A 1966 wani mutum mai suna Gil Hamm ya kafa ƙungiyar Muskies Inc. a Minesota, da niyyar kiwon 'ya'yan maski a zuba a tafkuna. Ba a daɗe ba 'yan ƙungiyar suka gane cewa zuba ƙanana ba zai yi amfani ba muddin ana kwashe manya, kamar mai zuba ruwa ne a tulu mai huji. Cikin shekarun 1970 suka fara wa'azin saki, suka sauya tsarin gasarsu ta yadda kifin da aka auna tsawonsa aka sake shi ma yana samun maki. A 1978 aka kafa takwararta Muskies Canada. Sana'ar masu cusa fata ma ta bi sahu: suka koyi ƙera kwafin kifi daga hoto da awon tsawo da kauri, don haka mai son abin ratayewa a bango ba sai ya kashe komai ba. Cikin shekara 20 abin alfahari ya koma abin kunya. Wanda ya kawo gawar maski bakin ruwa sai ya sha harara.

Doka ta biyo baya a hankali. Wiskonsin ta daɗe tana barin a riƙe kifin da ya kai tsawon inci 30, daga baya ta ɗaga zuwa 34, sannan a 2012 ta kai shi 40 a faɗin jihar. Minesota ta kai nata inci 54 a 2015. Ontariyo ta bi wata hanya mai hikima. Masana irin su Ed Crossman da John Casselman sun yi shekaru suna tattara wani ƙashi da ke bayan kan kifin, wanda ke da zobba kamar na kututturen itace, suna ƙirga shekarunsa. Da wannan aka gano iyakar girman da maski zai iya kaiwa a kowane ruwa, aka sa wa kowane ruwa ma'auninsa, manyan wurare irin Georgian Bay, wani sashe na tafkin Huron, suka sami inci 54.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Tunda kusan kowa saki yake yi, yawan maskin da ke mutuwa a hannun ɗan Adam ya koma ƙarƙashin ruwa, inda ba mai gani. Ɗauki misali kawai don lissafi: in an kama ɗari aka riƙe biyar, aka saki 95, sannan biyar daga cikin waɗanda aka saki suka mutu bayan kwana biyu, ɓarnar ta ninka ba tare da kowa ya sani ba. Kuma kifi ɗaya ana iya kama shi sau uku ko huɗu a rayuwarsa, kowane kamu da nasa haɗarin. Mai fatsa dai abin da ya gani shi ne kifi ya kaɗa wutsiya ya nutse, sai ya koma gida da farin ciki.

Binciken farko da ya tayar da hankali ya fito a 1980, daga masana Beggs da Holeton da Crossman a Ontariyo. Sun ga kimanin kashi 30 cikin ɗari na kifayen da suka kama sun mutu, kuma sun danganta hakan da yadda jinin kifi ke yin tsami in ya yi dogon kokawa. Adadin ya yi shekaru yana yawo a bakin mutane. Sai dai kifayen nan sun sha wahalar da ta wuce ta fatsa, domin an ɗauke su zuwa ɗakin gwaji an yi ta aiki a kansu. Duk da haka darasin ya zauna, kuma shi ya sauya kayan aikin masu maski. Suka koma amfani da sanda mai ƙarfi da zare mai kauri don a gama kokawa cikin 'yan mintuna. Suka ƙera ƙatuwar homa mai zurfi, wadda aka shafe zarenta da roba don kada ta kankare yauƙin jikin kifin.

Ga yadda ƙwararre ke yi yau. Kifin na shiga homa, ba a ɗago shi, homar tana rataye a gefen jirgi kansa na cikin ruwa. Mutum ya durƙusa da dogon awartaki ya zare ƙugiyoyin. Wadda ta ƙi fita, ko ta kusanci ido ko wurin numfashi, sai ya datse ta da almakashin ƙarfe, don ƙugiya kuɗinta kaɗan ne. Abokinsa ya riga ya shirya kyamara, allon awo kuma an jiƙa shi. Sannan a ɗago kifin a kwance, hannu ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi ɗaya a ƙarƙashin ciki, domin rataye ƙaton kifi a tsaye yana iya ɓata masa gaɓoɓin wuya da kayan ciki. Wasu suna riƙe numfashinsu lokacin da kifin ke waje, in su sun ƙosa sun san shi ma ya ƙosa. Daga nan a mayar da shi, a riƙe gindin wutsiya a tsayar da shi daidai, har a ji ya fara murɗawa da ƙarfinsa.

An gwada wannan tsari a kogunan Ottawa da Rideau. Sean Landsman da abokan aikinsa na Jami'ar Carleton, tare da 'yan Muskies Canada, suka kama maski 77, suka maƙala wa 30 na'urar rediyo suka bi sawunsu. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna ko ɗaya bai mutu ba. Labari ne mai daɗi, amma a lura da waɗanda suka yi kamun: gwanaye ne masu cikakkun kayan aiki, da ƙoton roba da na ƙarfe. Wanda ya je neman wani kifin daban maski ya faɗa masa, da siririn zare ba homa ba awartaki, lissafinsa daban ne.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Terry Margenau na hukumar albarkatun ƙasa ta Wiskonsin, wanda ya fito a 2007. Akwai tsohuwar al'ada ta lokacin kaka: a soka wa wani kifi mai rai da ake kira saka ƙugiya guda babba, a sake shi a ruwa, in maski ya cafke shi a jira, wani lokaci har rabin awa, sai ya haɗiye sannan a fizga. Masu yin haka suna datse zaren su bar ƙugiyar a ciki, da imanin cewa za ta narke. Margenau ya kama maski 40 ta wannan hanya ya ajiye su a tafkunan kiwo. A ranar farko babu wanda ya mutu, duk sun yi iyo lafiya lau. Cikin kwana 50 kashi 22 suka tafi. Da shekara ta zagayo, kashi 83 sun mutu, kuma da aka buɗe cikinsu aka tarar ƙugiya ta yayyaga tumbi da abin da ke kusa da shi. Mutanen da suka yi shekaru suna wannan kamu da zuciya ɗaya suke sakin kifin, suna ganin sun yi alheri. Daga 2012 Wiskonsin ta wajabta wa mai amfani da babban ƙoto mai rai ya sa irin ɗaurin da ake fizga nan take tun kifin yana riƙe da shi a baki, ko ƙugiya mai lanƙwasa da ke kama gefen baki.

Sai maganar zafi. Ruwa mai ɗumi iskar numfashinsa kaɗan ce, kifin da ya gaji kuma ita yake nema. Masu maski sun daɗe da ƙa'idar da ba doka ce ta sa su ba, cewa in saman ruwa ya kai digiri 80 a ma'aunin Farenhait, kusan 27 a namu, a ajiye sanda. An gwada wannan a kudancin yankin kifin. A kogin James na jihar Bajiniya, binciken da aka buga a 2022 ya ga kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka kama lokacin tsananin zafi sun mutu, ko da yake kifayen da aka bi ba su da yawa. Masu binciken sun kuma lura cewa a irin wannan lokaci maski ba ya yawan cizo, don haka illar ga yawan kifin kogin ba ta kai yadda adadin ke nunawa ba. Wasu sun riƙe wannan a matsayin hujjar cewa ba sai an rufe kamu ba. Ni dai ina tare da masu ajiye sanda, domin wanda ya ce don ƙaunar kifin yake sakinsa bai kamata ya yi caca da ransa a kan ɗaya cikin uku ba.

Ba kowa ne ya yarda da sakin kansa ba. 'Yan Ojibwe, waɗanda kotun tarayya ta tabbatar musu a 1983 da haƙƙinsu na su da farauta bisa yarjejeniyoyin 1837 da 1842, suna soke maski da mashi su ci, kuma a cikinsu akwai masu ganin kama kifi a wahalar da shi a sake shi wasa ne da abinci. Wannan magana tana da nauyi, kuma na san masuntanmu da yawa a nan za su tsaya. Sabuwar rigimar kuwa ta na'ura ce. Tun da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, na'urar hango kifi a ƙarƙashin ruwa, a 2018, mai jirgi yana kallon maski a allo yana iyo a gabansa, ya jefa masa ƙoto a baki. Kifin jifa dubu goma ya zama na jifa kaɗan, har waɗanda suka gudu can cikin zurfi neman sanyi ana cim musu, kuma kowane ƙarin kamu ƙarin haɗari ne ko da an saki.

A watan Nuwamban 2021, da dare, lokacin da ƙanƙara ta fara rufe bakin tafkin Mille Lacs na Minesota, Nolan Sprengeler ya kama mace mai inci 57 da ɗoriya. Shi da abokansa suka zare ƙugiya, suka yi hoto, suka mayar da ita ruwa suna riƙe da ita. Sun kai kusan awa guda a cikin wannan sanyi suna jira ta motsa, ba ta farfaɗo ba. Da gari ya waye suka kai ta sikeli, ta yi laba 55 da oza 14, ta karya tarihin jihar na laba 54 wanda ke tsaye tun 1957.