Doki da kangararren yaro: me ya sa ake yi wa filin rufi?

A Amurka da Birtaniya akwai cibiyoyi da ke haɗa matasa masu matsalar ɗabi'a da dawakai, wai don a samu a shawo kansu. Sau da yawa aikin ana yin sa ne a cikin wani makeken gini mai rufi, ƙasansa yashi. Ga tambayoyin da mutum kan yi idan ya fara jin labarin.

Wane irin magani ne wannan? Hawa kawai ake yi?

Sau da yawa ma ba a hawa. Ƙungiyar EAGALA ta masu yin wannan magani, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tsarinta shi ne ƙafar yaro tana ƙasa daga farko har ƙarshe. Mutum biyu ke tsayawa a kansa: masanin lafiyar ƙwaƙwalwa da wanda ya san doki. Yaran kuwa su ne waɗanda mu za mu kira kangararru: wanda aka kora daga makaranta, wanda ya faɗa shaye-shaye, wanda kotu ta turo, wanda ya tashi a hannun riƙo yana yawo daga wannan gida zuwa wancan.

Misali, a saki doki a fili, a miƙa wa ɗan shekara 15 ragama a ce ya sa masa. Yaron da ya saba samun abu da tsawa zai nufe shi gadan-gadan. Dokin sai ya kwantar da kunnuwa, ya juya masa baya, ya koma can kusurwa. Ya sake binsa, ya sake gudu. Ba wanda zai yi wa yaron faɗa. In ya gaji ya tsaya yana huci, sai a tambaye shi: "Me kake ganin ya kore shi?" Daga nan hira ke farawa, irin wadda ba za a taɓa samu ba a ofis, yaro na kallon bango yana amsa "ban sani ba".

Daga ina abin ya faro?

Daga masu nakasa. Wata 'yar ƙasar Denmak, Lis Hartel, shan inna ya kama ta a 1944 ya taɓa mata ƙafafu, amma ta ci lambar azurfa a wasan sarrafa doki a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952. Wannan ya jawo hankalin masu gashin ƙashi. A 1969 aka kafa ƙungiyoyin hawan doki na masu nakasa a Birtaniya da Arewacin Amurka, ta Amurkan ita ce yau ake kira PATH International. Batun damuwa da ɗabi'a daga baya ya shigo.

Me ya sa doki, ba wata dabba ba?

Domin doki dabba ce da ake farauta, rayuwarsa duka a kan lura take. Idanunsa a gefe suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, motsi kaɗan ya isa ya sauya masa tsayuwa. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Birtaniya sun nuna a 2016 cewa idan aka nuna wa doki hoton fuskar mutum mai fushi, bugun zuciyarsa na ƙaruwa. Sannan ga girma. Dabbar da ta kai kilo 450 ba ta tsoron zare ido, kuma ba ta karanta fayil ɗin yaro ba. Ba ta san an kore shi daga makaranta uku ba.

To me ya kawo rufi? Ba a waje aka san doki ba?

Nan ne ainihin maganar. Dalili na farko yanayi ne. A jihohin arewacin Amurka ƙanƙara na rufe ƙasa wata da watanni, rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, ba da daɗewa ba bayan yara sun taso daga makaranta. Filin waje ya daskare ko ya zama taɓo, dole a soke zama. Ga yaron da ke da gata, soke zama ɗaya ba komai ba ne. Amma yaron da manya suka sha yi masa alkawari suna saɓawa, in ka ce masa "Talata ƙarfe huɗu" sannan Talata ta zo ka ce an fasa, ka shiga sahun waɗancan ke nan. A ganina wannan shi ne babban amfanin ginin, ya fi duk wani abu da ake lissafawa: Talata tana zuwa, ƙofa a buɗe take.

Na biyu, natsuwa. Leda ɗaya da iska ta kwaso ta isa ta firgita doki ya yi tutsu, ga yaro tsaye kusa da ƙafarsa. Bango na tare iska da ƙarar motoci. Na uku sirri ne. Saurayin da ke ji da kansa ba zai yarda hawaye su zubo masa a gaban masu wucewa ba.

Yaya ginin yake?

Da yawa suna bin ma'aunin filin wasan sarrafa doki, mita 20 a 40, babban kuwa 20 a 60. Ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, shi ya sa ginin ke cin kuɗi. Ƙasan bangon ana lulluɓe shi da katako a ɗan karkace don kada gwiwar mahayi ko likkafa ta gogi bango. Yashin kan sha gauraye da gutsattsarin roba ko zare. In ya yi zurfi ya wahalar da jijiyoyin doki, in ya yi tauri ya bugi gaɓoɓi. Babbar fitinar ita ce ƙura, don haka kullum cikin yayyafa ruwa da baje yashi ake, ba don haka ba doki da yaro duk su kwashi tari.

Shin abin yana aiki da gaske?

A nan sai a bi a hankali. Iyaye da malamai na ba da labarin yaran da suka sauko, amma labari daban, hujja daban. Wani nazari da aka buga a 2014 ya duba binciken da aka yi a kan irin wannan magani ya tarar da rauni a yadda aka gudanar da su: mutane kaɗan, ba a kwatanta da wata hanyar ba yadda ya kamata. Saboda haka a ɗauke shi a matsayin ƙari kan kulawar likita. Sannan ganin dawakai da kyakkyawan gini ba shaidar amana ba ce. An sha zargin wasu gidajen horon matasa masu zaman kansu a Amurka da cin zarafin yara, har aka kai ga yin dokar tarayya a kai a Disamban 2024. Mai kai ɗansa ya tambayi takardar shaidar masanin da zai zauna da shi kafin ya kalli barga.

Mu da muke da dawakai fa?

Doki ba baƙo ba ne a Kano, Katsina, Zariya ko Damagaram, kuma yaron barga da ya tashi yana kwashe kashi, yana kai harawa da dusa, yana fita kilisa da yamma, ya san abin da ake nufi da dabba ta saba da kai. Sai dai dokin hawan sallah an hore shi ne ya yi rawa da zabura a ƙarƙashin linzami mai kaifi, wannan aiki kuwa yana son mai sanyin hali wanda yaro zai tsaya a gefensa ba fargaba. Ƙanƙara ba ta dame mu ba. Abin da zai sa a yi rufi a nan shi ne zafin Afrilu, ruwan Agusta da ƙurar hunturu, kuma doguwar rumfa mai buɗaɗɗen gefe za ta fi rufaffen gini dacewa. Abin da zai fi wuyar samu shi ne mutum na biyun, masanin lafiyar ƙwaƙwalwa da zai tsaya a cikin yashi kowace Talata.