Waiwaye: Yadda ƙurar birki da taya ta shiga majalisun jihohin Amurka ta ƙofar ruwa

A 'yan shekarun nan hankali ya fara komawa kan ƙurar da mota ke bazawa ba ta salansa ba, wato abin da ke gogewa daga birki, da taya, da kwaltar titi. Wani zai iya kallon maganar a matsayin sabon salo da aka ƙirƙiro don takura wa masu motoci. Sai dai wanda ya bi sawun lamarin zai ga tsohuwar magana ce da ta daɗe a ajiye.

Tarihin hayaƙi kowa ya san shi. Hazon hayaƙi ya turnuƙe Los Anjeles a 1943, masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya gano cewa motoci na cikin manyan masu laifi, aka kafa dokar tsaftace iska ta ƙasa a 1970, aka fara saka na'urar tace hayaƙi a motoci a 1975, aka hana fetur mai dalma a 1996. Duk wannan gwagwarmaya a bakin salansa aka yi ta. A nan ake sa ma'auni, a nan ake yanke hukunci. Ƙurar birki da taya, da ba ta fitowa ta wannan bututu, doka ba ta gan ta ba.

Wurin da labarin ya juya, wanda ba a cika ambatonsa ba, ba a sararin sama yake ba. A cikin ruwa yake. A shekarun 1990 hukumomin ruwa na yankin gaɓar tekun San Faransisko sun ga jan ƙarfe ya yi yawa a ruwansu. An matsa wa masana'antu da wuraren tace ƙazanta lamba, sun rage nasu, amma ma'auni bai sauka yadda ake so ba. Da aka bi magudanun ruwan sama zuwa sama, sai aka iske titi. Fad ɗin birki, abin da ke damƙe faifan ƙarfe idan direba ya taka birki, ana haɗa shi da jan ƙarfe don ya jure zafi. Duk takun birki sai ya goge kaɗan. Wannan baƙin da masu wankin mota ke fama da shi a jikin wili, shi ne. Yana zuba a kan kwalta, ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafi.

Jan ƙarfe, ko da kaɗan ne, yana lalata wa kifin salmon jin ƙamshi, kuma da hanci ne kifin ke gane maƙiyi da hanyar komawa gida. Masu ƙera birki, da masu rajin muhalli, da hukumomi suka zauna tare tsawon shekaru suna auna nawa ke fitowa daga ina. A 2010 jihohin Washinton da Kalifoniya suka zartar da doka. A Kalifoniya an ce kada jan ƙarfe a fad ya wuce kashi 5 cikin ɗari daga 2021, sannan ya sauka ƙasa da rabin kashi ɗaya daga 2025. Har tambarin ganye aka fito da shi a kwalin fad, ganye uku na nuna mafi ƙarancin jan ƙarfe. A 2015 masana'antar birki da motoci ta amince ta bi wannan tsari a duk faɗin ƙasar.

Abin lura a nan shi ne doka ta yarda tun a lokacin cewa mota na zubar da guba ba ta salansa ba. Amma don kifi aka yi dokar. Ƙurar da ta tashi sama kafin ta faɗi, wadda yaron da ke zaune kusa da babbar hanya ke shaƙa, ba ta shiga lissafi ba, domin ma'aikatar ruwa ce ta ɗauki maganar, ma'aikatar iska kuma tana can bakin salansa.

Kifi ne dai ya sake tada batun. Shekaru da dama salmon nau'in koho na mutuwa a ƙoramun birnin Siyatil bayan an yi ruwa, kafin su zuba ƙwai. A Disamban 2020 masana daga jami'o'in jihar Washinton suka wallafa cewa wani sinadari mai suna 6PPD, da ake sa wa taya don kada ta tsage, yana rikiɗewa ya zama guba idan ya haɗu da iskar ozon. Kalifoniya ta tilasta wa masu ƙera taya neman madadinsa daga Oktoban 2023, Washinton ta bi da tata dokar a 2024.

A ɓangaren huhun ɗan'adam kuwa, alƙaluma sun riga doka. Kwamitin masana iska na Birtaniya ya ce a 2019 kashi 60 cikin ɗari na ƙananan ƙurar da ababen hawa ke fitarwa a ƙasar ba daga salansa suke ba. Dalili a fili yake: an tsaftace salansa, amma motoci sai ƙara girma da nauyi suke yi. Motar lantarki ba ta da salansa kwata-kwata, kuma ba ta cin birki sosai, amma nauyin batirinta na cin taya. Tarayyar Turai ta sa wa ƙurar birki iyaka a 2024, miligiram 7 a kowace kilomita ga yawancin ƙananan motoci. A Washinton da Kalifoniya kuwa, dokokin birki da taya don ruwa aka yi su, ba don iska ba.