Mene ne "ɓatanci", kuma wa ke da ikon hukunta shi?

A Kano idan aka ce "wane ya yi ɓatanci" aka yi shiru, kowa ya gane: ana nufin ya zagi Allah, ko Annabi Muhammadu (SAW), ko ya wulaƙanta Alƙur'ani. Zargi ne mai saurin tara jama'a, sau da yawa tun kafin wani ya tambaya, "Me ya faɗa? Wa ya ji da kunnensa?"

A doka, abin ya kasu biyu. Akwai sashe na 382(b) na dokar Shari'ar Musulunci ta Jihar Kano ta shekarar 2000, wanda ya tanadi kisa, amma Musulmi kaɗai yake hawa kansa. Da shi kotun Shari'a ta Hausawa Filin Hoki ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa a watan Agustan 2020. A Janairun 2021 Babbar Kotun jiha ta rushe hukuncin, ta ce a sake shari'ar, domin an yi ta ba shi da lauya. Sai kuma sashe na 210 na dokar Final Kod, wanda ya shafi kowa da kowa, ya haramta cin mutuncin kowane addini, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tara.

Ke nan Kirista mazaunin Sabon Gari, ko da an tabbatar da laifin a kansa, wannan sashe na biyu ne makomarsa. Matsalar ita ce da wuya maganar ta kai gaban alƙali. Gideon Akaluka, wani Kirista da aka zarga da ɓatanci a Kano, yana tsare a hannun hukuma a Disambar 1994 aka kutsa aka fito da shi, aka kashe shi, aka sare kansa aka zaga gari da shi.

Wadda ta fi tsaya wa mutane a rai ita ce ta Bridget Agbahime, dattijuwa mai shekara 74, matar fasto, mai sayar da kayan roba a Kasuwar Ƙofar Wambai. Ranar Alhamis 2 ga Yunin 2016 cacar baki ta haɗa ta da wani a kan yin alwala a ƙofar shagonta. Duk wanda ya san Wambai ya san irin wannan saɓani na ruwa a gaban rumfa ba baƙo ba ne. Tsakanin Musulmi biyu, "Allah Ya ba ka haƙuri, Alhaji" ke kashe shi. A nan kuwa sai kalmar ɓatanci ta shigo, aka kashe ta a gaban mijinta. Jama'atu Nasril Islam ta yi Allah wadai. An kama mutum biyar, amma a watan Nuwamba kotun majistare ta sallame su bisa shawarar babban lauyan gwamnatin jiha. A ganina wannan sallama ta yi ɓarnar da ta kusa kai ta kisan, don ta nuna wa mai jin haushin maƙwabcinsa na kasuwa cewa akwai kalmar da za ta gama masa aiki, ya kuma kwana a gidansa.

Malaman fiƙihu ba su bar ƙofar nan a buɗe ba: tsayar da haddi aikin shugaba ne da alƙalinsa, bayan shaidu da jin ta bakin wanda ake tuhuma. Abin da taron jama'a ke yi sunansa ɗaukar doka a hannu, kuma bai tsaya kan Kiristoci ba. A Sakkwato, shekara guda bayan kisan ɗaliba Deborah Samuel a 2022, aka kashe Usman Buda, mahauci kuma Musulmi, a wurin sana'arsa bisa irin wannan zargi.

Su kansu dokokin suna shan suka. A Afrilun 2025 kotun ECOWAS ta ce sassan biyu sun saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, ta umarci Najeriya ta gyara su ko ta soke su. Gwamnatin Kano ta amsa cewa ba za ta janye ba.